Tafin Hannun Rahma

Zuwairatu ta shekara goma sha ɗaya tana aikin jinya a Safana, ta ga ƙuna iri-iri, amma da ta sauka daga mashin a Karare ta ɗage zanen da aka lulluɓe Rahma da shi, sai ta ga abin ya wuce yadda ta zata. Rahma 'yar ƙanenta ce, shekararta uku. Jiya da hantsi ta yi tuntuɓe da kaskon da kakarta Inno ke suyar ƙuli-ƙuli, man ya wanke mata ƙirji da ciki da hannun dama. Yanzu ga ta kwance, leɓe a bushe, tun jiya ba ta yi fitsari ba.

"Alhamdu lillahi, inda ya yi farin nan ko zafi bai yi mata," in ji Inno. "Maƙeri ya yi tofi, wutar ta kwanta."

Zuwairatu ta taɓa wurin. Tauri kamar fatar ganga, yarinyar ko motsi. Babu wani tofi da ya ci, fatar ce ta mutu har inda ake jin zafin. Ta karɓi takardar ƙaramin asibitin da suka je jiya. An rubuta ƙuna ta sama-sama, kashi biyar cikin ɗari, a riƙa wankewa a gida. Nan take ranta ya ɓaci. Ta sunkuci Rahma, Inno na biye, suka nufi asibitin da ke hanyar Batsari.

Mai duba marasa lafiyar, Armaya'u, ƙato ne mai hannu kamar faifai, ga fara'a ga son a kira shi likita. Ya fara jero gaisuwa, ta katse shi.

"Malam Armaya'u, da me ka auna yarinyar nan?"

"Da tafin hannu mana, Sista. Kowane tafi kashi ɗaya, haka aka koya mana."

"Tafin wa?"

Ya dubi hannunsa.

Tafin mai ƙunar ake nufi, ba na mai dubawa ba, ko ɗalibin da ya shiga makaranta jiya ya san wannan. Zuwairatu ta buɗe hannun Rahma na hagu, ɗan mitsitsi, ta ɗauki girmansa, ta bi jikin tana ƙirgawa da ƙarfi don ya ji. Ta wuce biyar tun ba ta bar ƙirji ba. Sai a sha takwas ta tsaya.

"Yaro in ya haura goma, ƙarin ruwa ake sa masa a tura shi Katsina a ranar. Kai ka ga ba ta kuka, ka ce da sauƙi. Kwana guda cur jikinta na tsiyayar da ruwa, kai kana nan kana washe baki."

Ita ta nemo jijiya ta sa ruwan da kanta, don ba ta yarda ya ƙara taɓa yarinyar ba. Shi kuma ya rubuta sabuwar takardar tura su Katsina.

A motar Katsina ta riƙe ledar ruwan a sama, tana ta faɗa, ta tsine wa ganganci, ta tsine wa masu aikin da ba sa tambaya. Inno ta bari sai da ta gaji.

"Zuwaira, jiya ai na sa an kira ki muna bakin asibitin," ta ce a hankali. "Aka karanta maki takardar. Ni hankalina bai kwanta ba, na ce mu wuce Katsina. Kika ce biyar ba komai ba ce, mu tafi gida."

Haka aka yi. Da aka kira ta jiya tana tsaka da yi wa masu ciki awo, waya a kafaɗa, ba ta tambayi ina da ina ya ƙone ba. Zuwairatu ta sauya ledar zuwa ɗaya hannun, ta ce wa direba don Allah ya ƙara wuta.