Irin Albasar Hannatu

Hannatu matar Audi ce ta ƙullo irin albasar nan daga Sakkwato, suka yi shekara talatin suna sabunta shi a hawasharsu, gonar haya kusa da garin Sinnar. Ta rasu, kanwa ta cinye gonar, iri ya rage ɗan cikin tafi a tsumma.

Sai mufattish, malamin gona, ya kawo buhunan jibis, farin garin da wata masana'anta ke zubarwa. Ya ce, "Watsa, ka yi ta sakin ruwa ya wanke kanwar. Kada ka shuka sai baɗi, Baba."

Audi ya ce, "Baɗi? Ɗana, irin albasa ba ya jiran baɗi, mutuwa yake yi."

Kowannensu gaskiya ya faɗa. Audi ya watsa jibis, amma bai jira ba, ya shuka irin. Tsiron ya fito siriri kamar gashin jariri, kwana tara ya ƙone.

Da shekara ta zagayo ƙasa ta yi laushi. Audi ya sayo iri a kasuwar Sinnar, albasa ta yi manyan kai, maƙwabta na ta barka. Ya yanka ɗaya ya sansana, ya ajiye. Ba ƙamshin miyar Hannatu ba ne.