Ɗigon da Ya Kwana a Ƙofar Munawara

Tun ranar da Alhaji Sualihu ya sa rediyo a motarsa ta doya, ƙarya ta ƙare tsakanin Salaga da Bawku. Shi da kansa ya sanar da haka a rumfarsa, kuma babu wanda ya musa, domin shayinsa ake sha.

Ɗan ƙanwarsa Rafiu, malamin kimiyya mai lasisin rediyon 'yan sha'awa, shi ya haɗa abin. Wani akwati a bayan kujerar direba yana aika inda motar take ta iska. Eriya biyu, ɗaya a Salaga ɗaya a Yendi, su kama, sai ɗigo ya fito a taswira cikin waya. Irin wannan saƙo ba a kulle shi, kowa na iya gani. Alhaji ya ɗauki hakan falala, ya koya wa rabin kasuwa yadda ake dubawa.

A kowace tafiya ɗigon kan ratsa Yendi, ya kai gidan ƙarshe a hanyar arewa, ya tsaya cak. Nan yake kwana, nan yake wuni, sai motar ta juyo. Gidan kuwa na Munawara ne, mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi, wadda mijinta ya rasu, aka kuma sa ranar aurenta da Malam Ayyub. A dajin Bimbilla ma ɗigon kan tsaya haka, amma babu mace a wurin, don haka ba wanda ya lura.

Da Karimu direba ya dawo, Alhaji ya tare shi a gaban jama'a.

"Karimu, ina ka kwana?"

"Bawku mana, Alhaji. Ga albasa cike da mota."

"Albasa ba ta magana. Wannan kuwa yana yi," in ji Alhaji, yana ɗaga waya.

Rafiu ya ja shi gefe. "Kawu, daga gidan nan eriya ba ta ƙara jin motar. Ɗigon yana nuna inda aka ji ta a ƙarshe ne kawai."

"Wato kurma ka sa mini a mota?"

"Ai na gaya maka sai an ƙara eriya a gaba."

"To rage murya. Mutane na kallo."

Rafiu ya rage. Albashin malami ba ya sayen rediyo, kuma ya san wanda ke saya masa.

Ba a kori Karimu ba, tunda doya na isa lafiya. Alhaji ya kira wannan afuwa. Shi ma Karimu, da ya ga direbobi na ce masa angon Yendi a tasha, sai ya daina musu, ya koma murmushi.

Labari ya kai Yendi. Yayan Malam Ayyub ya sa aka buɗe masa taswirar, ya ga ɗigon da idonsa. Mutum ne mai adalci, ba ya aiki da jita-jita. Washegari aka aiko karɓar kayan aure.

Munawara ba ta taɓa ganin taswirar ba, wayarta mai maɓalli ce. Karimu ma sau ɗaya ya taɓa sayen abincinta, ya ce gishiri ya yi yawa. Ta miƙa kayan auren. Da safe ta kwashe tukwanenta daga bakin titi ta kai su bayan gida, inda mota ba ta bi. Ta hura wuta kamar kullum, ta auna rabin shinkafar da ta saba dafawa.