Daga Hagu Ake Farawa

Attahiru ya dawo Illela da takardar kwaleji a shekarar da aka rufe iyaka, aiki kuwa ko na sharar ofis bai samu ba. Sai ya duƙufa kan zane. Ya cika littafi guda da hotuna, labarin wani saurayi da ya fito kwaleji cikin rigar kammala karatu, ya gaji da yawon neman aiki, har ya ƙare yana gyaran babur a bakin kasuwa.

Wani mai ɗab'i a Sakkwato ya yarda zai buga. Attahiru ya ce ba ya tafiya sai da albarkar mahaifinsa, Malam Boyi, wanda har yanzu yake jiran ya gan shi a kujerar gwamnati.

Malam bai yi boko ba, ajami da Larabci ya sani. Ya karɓi littafin ya buɗe daga dama, yadda yake buɗe kowane littafi, ya bi hotunan yana lasar yatsa.

"Madalla," in ji shi. "Yaro bakanike, hannu duk baƙin mai, ya sha wuya, Allah ya kai shi kwaleji. Wanga littahi a buga shi."

Lubabatu, ƙanwar Attahiru, ta toshe baki da mayafi. Da suka fito ta ce, "Yaya, ka samu albarka ta baya. Yi maza ka tahi kahin ta juyo."

Attahiru ya tsaya a tsakar gida. Bai yi ƙarya ba, ya sani. Amma albarkar ta wani littafi ce da bai zana ba. Ya koma zaure.

"Baba, daga hagu aka hwarawa."

"Mi?"

Ya juya masa littafin. Malam ya sake bi, wannan karon bai lashi yatsa ba. Ya daɗe a shafin ƙarshe, inda bakaniken ke dariya, ga wushirya irin ta Attahiru.

"Wanga kai na?"

"Kusan ni na, Baba."

"Ɗazu da nig gane shi cikin rigar kwaleji ya murtuke, na ɗauka natsuwa ta." Ya rufe littafin ya miƙa masa. "Tahi a buga. Amma in maƙwabcinmu Alhaji Maliki ya ce zai gani, kawo min nan. Ni zan buɗe mishi."