Ƙuri'a Goma Cikin Mutum Bakwai

Shekarata goma sha ɗaya ina wakiltar manoman rake na yankinmu a majalisar jiha da ke Brisbane, kuma a duk tsawon lokacin nan babu wanda ya taɓa neman shawarata a kan komai. Sunana Aldo Tibaldi. Kujerata tana can layin baya kusa da ƙofa, in na tashi yin jawabi a kan farashin sukari sai 'yan jarida su tafi shan shayi.

Jam'iyyarmu ƙarama ce, Jam'iyyar Gona da Teku, mu bakwai ne cur a majalisa. Wata Laraba cikin Agusta shugabanmu, tsoho Col Brannigan, ya tara mu ya ce likita ya ba shi zaɓi tsakanin shugabanci da zuciyarsa, shi kuwa ya zaɓi zuciyar. Zai ci gaba da zama ɗan majalisa, amma ranar Litinin mu nemi wani shugaban. Kafin ya rufe baki mutum biyu sun miƙe tsaye.

Ɗaya Darcy Mullins ne, mai gwanjon shanu kafin ya shiga siyasa. Darcy in ya gaishe ka sai ka ji kamar kai kaɗai yake jira tun safe. Ya san sunan matarka, ya san sunan karenka. Ɗayar kuma Bev Kirkwood ce, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana shugabar makarantar firamare. Har yau in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka fara tunanin abin da ka yi.

Washegari jaridar garinmu ta buga lissafi: uku na Darcy, uku na Bev, saura Aldo Tibaldi. Har da hotona, karo na farko tun ranar da tarakta ta faɗa rami da ni.

Ranar Juma'a ina kan taraktar, ana tsakiyar yankan rake, Darcy ya kira ni.

"Aldo, mutumina! Ya Noelene? Ya ƙafar kare, ta warke? Ka san me nake tunani? Ofishin mataimakin shugaba yana da taga mai kallon kogi, kuma kai nake hangowa a ciki."

Na ce, "Kada ka damu, Darcy, muna tare."

Ban kai ƙarshen layin raken ba Bev ta kira.

"Aldo, ina neman ƙuri'arka. Eh ko a'a?"

Wa zai ce wa wannan murya a'a? Na ce, "Haba Bev, ai kin san muna tare."

Da na faɗa wa matata Noelene, tana wanke kwalabe a bayan gida, sai ta ɗago ta kalle ni.

"Aldo, ƙuri'a nawa suka ba ka a majalisar nan?"

"Ɗaya."

"To ka raba ta da wuƙa."

Na ce mata ai zaɓen sirri ne, babu mai sani. Ta ce madalla, ta ci gaba da wankinta. Abin da ba ta faɗa mini ba shi ne, su biyun duk sun kira wayar gida suna tambayar ko za su iya leƙowa, ita kuwa ta ce wa kowa ya zo Asabar da safe, ya zo da tsoffin kaya.

Asabar ɗin ranar tumatir ce a gidanmu. Sau ɗaya a shekara muke sayo akwati talatin na tumatir daga garin Bowen, dangi su taru a rumfar tarakta, a wanke, a tafasa, a markaɗe, a ɗura a kwalabe a dafa cikin duro, miyar taliyar shekara guda ke nan. Mai kula da komai mahaifiyata ce, shekararta casa'in da ɗaya, kowa Nona yake ce mata har limamin cocinmu. Tana zaune a kujera da sanda, ba ta taɓa komai, amma babu abin da yake wuce idonta.

Ƙarfe takwas motar Darcy ta shigo. Ya fito cikin farar riga fes, da furanni a hannu. Yana rungumar Nona sai ga motar Bev. Suka kalli juna, suka kalle ni. Ni kuwa na sunkuya ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Nona ta buga sanda a ƙasa. "A nan babu baƙo. Kai mai farar riga, injin markaɗe. Ke malama, murfi."

Minti goma bai cika ba injin ya yi tari ya fesa wa Darcy tumatir tun daga wuya har cinya. Da wani ne da ya ɓata rai. Darcy buɗe hannuwa ya yi ya ce, "Jama'a ku shaida, na zubar da jinina saboda manoma!" Ƙannena mata suka yi ta dariya har da hawaye. Daga nan ya kama yin gwanjon tumatir ɗaya bayan ɗaya da muryarsa ta kasuwar shanu, ya sayar da ruɓaɓɓe ga surukina. Bev kuwa aikinta kawai take yi. Tana ɗaure murfi, tana juya kowace kwalba ta duba, har ta dawo wa ƙanwata da guda shida ta ce bakinsu ya tsage.

Wajen ƙarfe sha ɗaya maƙwabcina Wal Pettigrew ya shigo. Ya ga motocin 'yan majalisa, shi kuwa wata uku ke nan ruwa yana kwance a ƙasan gonarsa, raken yana ruɓewa.

"'Yan siyasa uku a rumfa ɗaya!" in ji shi. "Da na sani da na zo da kare. Wata uku ina rubuta takarda a kan kwalbatin nan da ya toshe, ko amsa babu."

Darcy ya dafa kafaɗarsa da hannu duk tumatir. "Wal, abokina, ranar Litinin in na zama shugaba, kwalbatinka ne aikina na farko. Kafin damina za ka ga sabo fil, har da sunanka a jiki in kana so." Kafin wani lokaci Wal yana dariya, yana ba shi labarin wani sa da ya taɓa saye.

Bev ta ajiye kwalba ta ce, "Mu je in gani."

Ta ari takalmin roba na Noelene, muka bi ta. Tana isa ta shiga ruwan har gwiwa, ta sunkuya ta zura hannu a bakin kwalbatin. Ta fito da ganyen rake, ta fito da buhun taki, ta fito da tsohuwar tayar babur.

"Wal, tayar wa ce wannan?"

Wal ya sosa ƙeya.

"Kwalbatin ya yi ƙanƙanta, wannan gaskiya ne, zan rubuta a kai, amma akwai biyar a gabansa da suka fi shi lalacewa. Rabin toshewar kuwa shararka ce. Ka zo da shebur gobe, ruwan zai ragu kafin Laraba."

Wal ya kumbura. Can ya ce, "To, tunda kin gama, gara ki fito. Ranar Talata na ga kada a wurin nan."

Ban taɓa ganin mace mai shekara sittin ta yi tsalle irin wannan ba. Takalmi ɗaya ya tsaya a cikin laka, kuma babu wanda ya koma ɗaukowa. Wal ya tafi gida yana cewa Darcy mutumin kirki ne, waccan kuwa ko a mafarki ba zai zaɓi jam'iyyar da take shugabanta ba.

Da rana aka shimfiɗa dogon tebur, aka kawo taliya da sabuwar miya. Darcy ya ci faranti uku yana yabon Nona. Bev ta ci ɗaya da ƙafa guda babu takalmi. Ana cikin ci Nona ta nuna Darcy da cokali.

"Kai, ƙuri'a nawa gare ka?"

"Biyar, Nona. Daram."

"Ke fa?"

"Biyar."

"Ku nawa ne duka?"

"Bakwai."

Nona ta ce, "Ni aji uku na tsaya a makaranta, amma a ƙauyenmu biyar da biyar goma ne."

Darcy ya zaro takarda daga aljihu, duk ta yi ja. Bev ta zaro tata daga jaka. Suka ajiye su kusa da juna a tsakanin farantai. Kowannensu yana da kansa da amininsa ɗaya. Sauran sunaye uku kuwa iri ɗaya ne a takardun biyu: Col, da Lorraine Basso mai wakiltar masunta, da ni.

"Aldo?" in ji Bev ta saman tabarau.

"Aldo, mutumina?" in ji Darcy.

Na ce zan je in duba wutar duro. Noelene ta ce wutar lafiyarta ƙalau, in zauna.

Darcy ne ya fara fashewa da dariya, ya ce ashe Col da zuciyarsa mara lafiya ma ya iya wannan wasa. Bev ta yi ƙoƙarin daurewa ta kasa. Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kwana uku ina tafiya ina jin kaina mai naɗa sarki, ashe mu uku ne muke wannan tinƙaho. Da za su tafi Nona ta ba kowa kwalba huɗu. Bev ta tsaya a bakin mota ta ce mini, "Ba ni da taga da zan ba ka. Kuma jawabanka sun cika tsawo. Ka yi abin da ka ga ya dace."

Ranar Lahadi na yini ina juya maganar. Darcy zai kawo mana ƙuri'un mutane irin Wal, wannan ko makaho ya gani. Bev kuwa za ta iya ɓata wa gari guda rai kafin azahar. Na tambayi Noelene, ta ce ita ba ita aka zaɓa ba. Na tambayi Nona, ta ce mai farar riga ya iya cin abinci, malama ta iya rufe kwalba, ita duka biyun tana so. Da yamma na kira Lorraine don in ji ta bakinta. Muna cikin hira ta ce mini, a asirce, Darcy ya yi mata alkawarin ofishin mataimaki mai taga.

Ban ji haushinsa ba ko kaɗan, don na san yadda abin yake. Lokacin da ya faɗa mini da gaske yake, lokacin da ya faɗa mata ma da gaske yake. Haka ni ma nake yi. Na zauna a kan matakalar gida na ce wa kaina, jam'iyyar mutum bakwai tana iya jure Aldo ɗaya a layin baya, amma ba za ta jure wani Aldon a kujerar gaba ba.

Ranar Litinin ƙarfe goma muka shiga ɗakin taro aka rufe ƙofa. Kowa ya rubuta suna a 'yar takarda ya jefa a malafar Col. Na rufe tawa da tafin hannu kamar ɗan makaranta na rubuta Bev. Col ya juye malafar ya ƙirga sau biyu. Bev huɗu, Darcy uku.

Darcy ya miƙe ya yi mata murna da jawabi mai daɗi har Lorraine ta share ido. Da muka fito ya jingina da bango a baranda, murmushin ya tafi. Col ya zo ya dafa shi ya ce, "Na yi iya ƙoƙarina, ɗana, kai na zaɓa." Lorraine ta zo ta raɗa masa, "Tawa kai na ba." Sai ya juyo gare ni. Na ji maganar ta taho bakina da kanta, muna tare, kada ka damu. Na haɗiye ta.

"Darcy, ban zaɓe ka ba. Bev na zaɓa."

Ya ɗaga yatsu yana ƙirgawa: shi, amininsa, Col, Lorraine. Huɗu. Ga shi kuwa uku aka ƙirga masa.

"To," in ji shi. "Kai ka fita. Saura maƙaryaci ɗaya cikin biyun can."

Mako biyu bai yi mini magana ba, ko kare bai tambaya ba. A taro na gaba Bev ta ce ana bukatar bulaliyar jam'iyya, wanda zai riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana jin inda kowa ya dosa kafin a kaɗa ƙuri'a, aikin da kowa yake gudu. Darcy ya ɗaga hannu ya ce ya kawo sunan Aldo Tibaldi. Kafin in buɗe baki hannu shida sun tashi.

Na same shi a wurin shan shayi na ce, "Wannan lada ne ko horo?"

Ya ce, "Duka biyu, mutumina. Zuba mini madara."

Shi kuwa binciken nasa bai ƙare ba. Ya kai Col kamun kifi sau biyu, ya je bikin 'yar Lorraine ya yi rawa har ya jiƙe da gumi, yana jiran wani ya yi suɓutar baki. Har yau Col da Lorraine kowannensu rantsuwa yake yi cewa ƙuri'arsa Darcy ya ba.