Eustace Ya Sauko Daga Dutse

Shekara talatin da ɗaya Eustace Laronde ya yi yana hawa da baƙi kan duwatsun tsibirin Dominika yana sauko da su, bai taɓa barin wani ya riƙe masa jaka ba sai ranar Alhamis ɗin nan. Suna gangarowa daga Tafki Mai Tafasa, shi da baƙi huɗu, a rana ta uku ta tafiya, sai gwiwarsa ta dama ta ƙi. Ba tuntuɓe ya yi ba. Takawa kawai ya yi ƙafar ta lanƙwashe, ya tsinci kansa zaune cikin taɓo. Wata baƙuwa, malamar makaranta da ta ma girme shi, ta ɗora jakarsa a kan tata. Wani ya saro masa sanda. Gangaren da ya saba yi cikin awa biyu, sai da suka cinye huɗu da rabi.

Matarsa Philomen na jiran su da mota a bakin hanya. Ta dubi sandar, ta dubi fuskarsa, ta buɗe masa ƙofar motar. Da suka sauke baƙin a gari, maimakon ta juya gida, sai ta miƙi hanyar arewa.

"Ina kuma muka nufa?" in ji shi.

"Wurin Ursula. Kwana uku."

"Ni ne zan kwana a masaukin baƙi?"

"Kai ɗin fa. Yi shiru ka miƙe ƙafar nan."

Masaukin Ursula ɗakuna shida ne na katako a bakin teku, can Calibishie, inda ba ka jin komai sai ruwa da kaji. Eustace ya kai ɗaruruwan mutane wurin bayan tafiya, amma shi a tsaye yake shan ruwan kwakwarsa ya juya. Ursula na hango shi yana ɗingishi ta tafa hannu.

"Yau ga sarkin dutse da ƙafa uku! Yaya Eustace, wa ya kayar min da kai?"

"Ba ni kujera ki bar surutu."

Ya yi barcin awa goma sha ɗaya, ya tashi kamar an yi masa duka da taɓarya. Philomen ta mulke masa gwiwar da mai, ta zaunar da shi a inuwar bishiya, ta ajiye masa soyayyen kifi da dafaffiyar gwaza. Ya ci kaɗan. An juya kujerar ta fuskanci teku, amma shi wuyansa na ta karkata baya, wajen duwatsu, yana duban yadda gajimare ke taruwa.

"Za a yi ruwa a sama kafin azahar," ya ce.

"To a yi mana. Kai ka shanya kaya a can?"

Gajiyar da yake ji ba ta kwana uku ba ce, ya sani. Ta daɗe tana bin sa. Bara ya fara tsayawa yana nuna wa baƙi tsuntsaye, ba don tsuntsayen ba, don ya mayar da numfashi.

Da hantsi wasu mata da miji suka fito daga ɗaki na biyu, matasa, takalmansu sababbi fil. Suka tambayi Ursula ko ta san wanda zai kai su tafkin ranar Litinin. Ursula ta dubi Eustace. Philomen ta daina ɓare lemon da ke hannunta.

Eustace ya lissafa. Kwana uku nan gaba. Idan ya ɗaure gwiwar da kyau, ya fita da wuri... Ya ɗan danna ƙafar a yashi don ya gwada ta. Zafin ya tashi har ƙugunsa.

"Akwai wani Cuthbert," ya ce a hankali. "A Laudat yake. Ya san hanya."

"Cuthbert?" Ursula ta zaro ido. "Wanda ka ce ko hanyar bayan gidansa sai an nuna masa?"

"Bakinsa ne ba ya shiru. Amma ba zai bar kowa a baya ba."

Shi da kansa ya buga wayar. Cuthbert ya fara da tsokana, da ya ji muryar sai ya sassauta. "Lafiya dai, dattijo?"

"Lafiya lau. Ka bi da su a hankali wajen kwarin nan, hanyar ta zaizaye."

Da ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon ta a tafin hannunsa. Philomen ta miƙe ta ba shi kafaɗa.

"Taso, tsoho. Ruwan gishiri zai yi mata amfani."

Suka taka a hankali har bakin ruwa. Ya zauna inda igiyar ke kai masa ƙirji, ruwan da ɗumi, ƙafar ta yi sakayau kamar ba tasa ba. Can nesa wani masunci na jawo kwalekwalensa.

"Philo, me mutum yake yi duk yini idan ba ya hawa?"

"Oho. Mu fara da yau tukuna."

Ya lumshe ido. Ursula ta ƙwala musu kira cewa abinci ya sauka, ta sake kira. Babu wanda ya motsa a cikinsu.