Yadda Zarton Kimba Ya Zama Shida

Shekarar da aka ƙara aji biyu a lakwal ɗin Dakoro, wato makarantar boko, direkta Mushe Hama ya kira Kimba masassaƙi ya ba shi aikin dogayen kujeru arba'in. Kimba turmi da akushi ya gada, sai da ya girma ya koyi aikin katako wajen wani ɗan Dahome a Maradi. Ba a taɓa ba shi aikin bariki ba, don duk abin da bariki ke so daga Maradi ake kawo shi. Mushe Hama bai ɓoye masa kome ba. Kumandan, nasaran da ke mulkin bariki, ya yarda a gwada ɗan gari sau ɗaya ne. In ranar buɗe lakwal ta zo kujeru ba su cika ba, aiki ya koma Maradi, kuma ba za a sake tada maganar ba.

Katakon da aka sauke masa na maɗaci ne, mai kauri, kowane sai an tsaga shi uku. Kimba ya ɗauki zartonsa na hannu ya gwada guda. Kwana biyu ya yi a kansa, ran na uku matarsa Uwale ce ta sa masa riga don kafaɗa ta ƙi ɗaguwa.

Sha'ibu mai kamyo, wanda ke kai gero Maradi a babbar motarsa, shi ya ba shi labarin wani nasara mai aikin katako da zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayansa. A ciki akwai injin zarto, tsoho ne amma da ransa.

Kimba ya bi kamyo ya je ya gani. Injin ya fi shi tsawo. Ƙafafu biyu gare shi kamar na keke, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da faranti na ƙarfe a tsakiya inda ake ɗora katako, da hannu a gefe wanda mutum biyu ke juyawa. Zarton kuwa siriri ne, a zagaye yake kamar ɗamara, an rataya shi a kan ƙafafun nan biyu. Nasara ya sa lebura biyu suka juya, ya tura katako. Kafin Kimba ya gama gyara hula katako ya rabe.

Mamaki ya kama Kimba. Ya zagaya injin sau uku. Nasara ya zaci raini ne, ya rage kuɗi. Kimba ya sake zagayawa, don bai gaji da kallo ba, nasara ya sake ragewa. Haka aka yi cinikin.

Da aka zo ɗaure kaya, nasara ya cire zarton, ya murɗa hannuwa, abin ya naɗe kansa uku ya koma kamar faifai. Ya ɗaure da igiya, ya faɗa ta bakin tafinta cewa wannan kaɗai ya rage, babu wani sai an aika Faransa, kuma haƙoransa sun dakushe, suna son magagari.

Ƙarshen damina ne. Kusa da Kornaka kamyo ya nutse a taɓo har ciki. Sha'ibu ya leƙa ƙasa ya ce sai ƙasa ta sha iska, kwana huɗu ko biyar. Kimba ya ƙi barin injinsa a daji, amma ya ga kwanakin za su tafi a banza. Da wani mai raƙumi ya zo wucewa zuwa Dakoro, sai ya miƙa masa naɗaɗɗen zarton.

"Don Allah kai wa Agali maƙeri. Ka ce in ji ni ya gyara mani shi kafin in iso."

Agali ɗan gwaggon Kimba ne, wato taubashinsa. Tun suna yara suke zagin juna, kuma kowa a Dakoro ya san ƙa'ida: abin da taubashi ya yi maka, ko ya kai ina, ba ka fushi. Wanda ya yi fushi shi ya yi abin kunya, mata su sa shi a waƙar daka.

Saƙo ya iske Agali a maƙera. Ya juya abin, ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Zarto ya yi tsalle ya buɗe da ƙara, ya ture tulun ruwa, ya fizge masa rawani, ya fita ƙofa yana gangarawa, kaji suka watse. Da ƙura ta lafa Agali ya je ya ɗauko shi da awartaki. Ya bi shi da yatsa yana neman farkonsa, ya zagayo inda ya fara. Ya sake bi. Babu kai, babu gindi, babu wurin riƙo.

"Wayyo ɗan kawu," ya ce. "Sun gan ka da hula sabuwa sun cuce ka."

Tausayi ya kama shi ƙwarai. Ya ajiye garmar mutane da yake ƙira, ya rufe ƙofa, kwana uku ba a ga fuskarsa ba.

Ranar da kamyo ya iso, rabin gari ya biyo shi. Mutum goma suka sauke injin a rumfar Kimba. Aka kawo wa Kaka tabarma, tsohuwar da ta haifi uban Kimba da uwar Agali, ta zauna gaba da sandarta. Kimba ya sa rigar Juma'a. Ya shafa wa ƙafafun injin man gyaɗa, ya sa mutum biyu suka juya, ƙafafu suka yi ta gudu ba ƙara. Jama'a suka yi salati.

"To ina abin yankan?" in ji Sha'ibu.

"Shina wajen bawana Agali, yanzu za ya kawo," in ji Kimba.

Sai ga Agali tafe da sabon rawani, ya rungumo wani ƙunshi a cikin fata, yana tafiya kamar mai kai kayan biki.

"Mai turmi, ka dawo? An ce ka kwana huɗu kana gadin ƙarfe kada kura ta cinye."

"Na dawo, mai baƙin hanci. Kawo mani kayana ka koma cikin tokarka."

"Kayanka? Abin da ka aiko ko kare ba ya ɗauka. Amma ka gode Allah kana da ni."

Ya durƙusa ya kwance fatar. Zarto shida ne a jere. Kowane an ɗaure shi a baka na itacen aduwa, an naɗe mariƙin da jar fata, an buga ƙusoshin tagulla, har da 'yan tuntaye. Haƙora kuwa sun sha magagari, suna walƙiya. Maganar gaskiya, ba a taɓa ganin zarto mai kyansu a Dakoro ba.

"Ɗaya ka aiko, shida na kawo," in ji Agali. "Nasaran nan ya haɗe maka kai da gindi don ya ga ba ka da wayo. Sai da na datsa shi wuri shida kafin ya zama abin da mutum za ya riƙe."

Kimba ya dubi zaratan. Ya dubi ƙafar sama, ya dubi ta ƙasa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa kan Kaka, ta kafe shi da ido tana tauna goron da aka daka mata. Bayanta mata sun yi layi a bakin danga, wata ma da taɓarya a hannu.

"Agali," ya ce. "Allah shi yi maka albarka."

"Amin. Ƙara."

"Allah shi saka maka da... da irin abin da ka yi mani."

"Amin, amin. Ku ji hwa, yau mai turmi ya san alheri."

Sha'ibu ne ya fara dariya. Shi ya ga injin yana aiki a Maradi, ya san inda zarton ke zama. Ya yi ƙoƙari ya riƙe, abin ya fito masa ta hanci. Ya kama ƙafar injin yana nuna wa na kusa da shi da hannu yadda ɗamarar ke zagayawa, sannan ya nuna guntaye shida. Magana ta bi jama'a daga gaba zuwa baya, dariya na bin ta. Mamani mai gishiri ya zauna a ƙasa. Ladan ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Agali ya tsaya yana murmushi, yana jiran a gaya masa abin dariyar. Kimba ya kama hannunsa a hankali, kamar mai jan makaho, ya kai shi gaban injin. Ya ɗauki igiya ya rataya a ƙafar sama, ya zagayo da ita ta ƙasa, ya ƙulla, ya juya hannun. Igiya ta yi ta zagayawa.

Agali ya daɗe yana kallo.

"To," ya ce. "Ai sai ka faɗi."

"In faɗi mi?"

"Ka ce a gyara. Ba ka ce a bar shi yadda yake ba."

Duk da haka ya kwashe zaratan ya koma maƙera, bai ko tsaya shan ruwa ba. Ya cire bakunan da ya sha wahalar yi, ya narka tagulla ya liƙe guntayen ɗaya bayan ɗaya. Da ya kawo, ɗamarar ta gaza da kamu guda, don kowane gutsure ya ci masa baki wajen huda ramin ƙusa. Ya ƙara da wani ƙarfe da ya yanko daga tsohuwar gangar mai. Aka rataya, aka juya. Abin ya zagaya sau huɗu yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar doki a kan dutse. Kimba ya tura katako. Zarto ya tsinke wuri uku, guntu ɗaya ya tashi ya kafe a azarar rumfa, sama kaɗan da hular Sha'ibu.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Saura kwana goma sha tara a buɗe lakwal. Kimba ya zauna a kan tulin katako ya sunkuyar da kai. Agali ya tsaya nesa kaɗan yana murza bakin rawani, zagi ya ƙare masa.

Kaka ta buga sanda a ƙasa.

"Kai, ɗan Maraya," ta ce wa Agali, don da sunan uwarsa take kiransa. "Waɗancan masu jar hwata, suna yanka?"

"Suna yanka, Kaka."

"Maida su yadda suke."

Ta juya wajen jama'a.

"Shekaranjiya na ji dariya a nan. Idona ba shi gani sosai, amma kunnena lahiya lau. Sha'ibu, na ji taka. Mamani, kai har da zama ƙasa. Ladan, kada ka ɓuya bayan mutane, na san tarinka."

"Kaka, ni hwa gero nike da shi a kamyo," in ji Sha'ibu.

"Geron ya jira. Ni na yanke maka cibi, ban ce ina da gero ba."

Samari duk suna gona, lokacin yankan hatsi ne. Saboda haka waɗanda suka tsaga katakon lakwal ɗin Dakoro su ne mai kamyo, da mai gishiri, da ladan, da wani mahauci mai tumbi, da Agali, da Kimba. Farantin injin ya yi daidai da ɗora katako, don ba ya motsi ko an hau shi, sai aka riƙa yin layi a kansa. A ƙafar sama suke rataya riguna. Kaka na zaune a bakin rumfa tun hantsi. Duk wanda ya ce zai je kama ruwa sai ta ce ya bar takalmansa.

Ladan ba ya iya bin layi, katakonsa kullum sai ya karkace zuwa gabas. Mahauci yana yanka da sauri amma sai ya tsaya ya yi nishi. Agali ne ya fi kowa, ba ya ɗaga kai, da rana ya tsaga, da la'asar ya zauna ya bi haƙora da magagari. A kwana na biyar bakinsa ya dawo.

"Mai turmi, da ɗamararka ce da mutum biyu kaɗai za su samu lada. Dubi yanzu, har ladan."

"Yi shiru ka ja, bawan banza."

"Ka ji, Kaka? Fushi ne wanga?"

"Wasa ne," in ji Kimba da sauri. "Wallahi wasa ne."

Ana gobe buɗe lakwal aka buga ƙusa ta ƙarshe. Da safe kumandan ya zo da kansa, da Mushe Hama, da gardi biyu masu tsaron bariki. Ya bi kujerun yana taɓawa. Wasu sun fi wasu kauri, guda uku kuma in an zauna a wannan baki wancan sai ya ɗaga gaisuwa. Ya zaɓi ɗaya ya zauna da ƙarfi, ya yi rawa a kai, ba ta ce kome ba. Ya tashi ya je wajen injin, ya ga riguna a rataye, ya ga babu zarto. Ya ɗauki ɗaya daga masu jar fata ya juya shi, ya dubi haƙoran, ya sake duban injin. Ya yi wata tambaya da Faransanci.

"Yana tambaya wa ya yi wannan," in ji Mushe Hama.

Mutum biyar suka nuna Agali.

Kumandan ya ciro hankici ya daɗe yana share hanci, ya ba su baya. Da ya juyo idonsa ya yi ja don dariyar da ya danne. Ya yi magana mai ɗan tsawo, Mushe Hama ya fassara.

"Ya karɓi kujeru. Daga yau aikin katakon bariki naka ne, Kimba. Za ya sa a rubuta Faransa a aiko da sabon zarto, in jirgi bai makara ba wata shida. Kafin nan yana son ƙofofi goma sha biyu da tagogi na sabon ɗakin magani."

Kimba ya durƙusa ya yi godiya. Da ya miƙe ya waiwaya don ya gaya wa mutanensa, sai ya ga zarto huɗu a ƙasa. Sha'ibu ya riga ya kai bakin kasuwa, Mamani na biye da shi. Ladan ya tsallake danga ba takalmi, mahauci na ƙoƙarin bin sa ta wani rami da bai kai shi faɗi ba. Agali ma ya ɗaga ƙafa, amma Kaka ta riga ta saƙala masa sanda a wuyan riga.

Kimba ya zaɓi katako mafi kauri a tulin, ya ɗora a kan farantin, ya miƙa wa Agali zarto da hannu biyu.

"Bismilla, ɗan gwaggo. Ƙofa ta farko."