Jindale a Bayan Gilashi

Su uku ne a gidan, can hawa na goma sha biyu a birnin Daegu na ƙasar Koriya: Kitae, da 'yarsa Dasom, da mahaifiyarsa. Shinkafa akwai, ɗumin ɗaki akwai. Ƙasar takawa ce babu. Tun da Kaka ta zame a kan ƙanƙara ta karye a ƙugu, Kitae ya hana ta sauka, ya sa aka kafe tagogi don kada sanyi ya kama ta.

Da ɗan itacen furen da ake kira jindale a tukunya Kaka ta baro ƙauye. Shekara biyu bai yi fure ba, domin kullum Kitae na janyo shi cikin ɗumi.

"Gata ya yi yawa, ya zama cuta," in ji Kaka. "Ɗan dutse ne. Sai ya sha sanyi yake tuna kansa."

Bana ta tura shi jikin gilashin baranda, ta hana a taɓa. Tun ganye bai fito ba, sai ga furanni ruwan hoda.

Wata rana da hantsi Kaka tana tsinkar furannin reshen ƙasa tana mannawa a kan wainar shinkafa, Dasom ta kai hannu reshen sama. Kaka ta buge hannun.

"Kul, sarkin kwaɗayi! Na sama rabon ƙudan zuma ne. Suna fitowa daga sanyi ciki wayam, dutse duk bai farka ba sai wannan. Mu ci ƙasa, su ci sama."

"Haba Kaka, wace zuma ce za ta hawo bene goma sha biyu?"

Ba ta rufe baki ba suka ji ƙas a gilashi. Wata ƙatuwa ce mai gashi, daidai saitin furen. Dasom ta ruga ta ja taga har yatsunta suka yi ja. Ko motsi. Zumar ta buga, ta zame, ta sake bugawa, sannan ta yi ƙasa. Kaka ta daɗe da tafin hannunta a kan gilashin.

Da yamma Kitae ya dawo, ya tsaya yana murmushi.

"Kin gani ko, Inna? A nan ba ƙwaron da zai taɓa miki shi."

"Haka ne, ɗana." Ta tura masa waina.

"Baba, mu kai shi ƙasa mana. Har da Kaka."

"Ci abincinki. Waje akwai santsi."

Ƙanƙara kuwa ta narke tun tuni. A ranar Dasom ta gane babanta ba mugu ba ne. Tsoro ne ya riƙe shi, kuma muddin bai sake shi ba, Kaka ba za ta sauka ba.